Ya'u Mai Zana da Idon Kan Dutse

Abin da mutanen Dutsin-Ma suka fi tuna Ya'u mai zana da shi, shi ne yadda ya sauko daga kan dutse wata ranar bazara, a zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Hawa dai da ƙafafunsa ya hau, da naɗin zana a ka, kamar kowane mai hankali. Saukowar ce ya yi a zaune. Iska ta cika zanar da ke hannunsa, ya ƙi sakin ta, ita ma iskar ta ƙi saki, suka taho tare a kan sulɓin dutsen har ƙasa. Da ya miƙe, gaban wandonsa na nan lafiya lau, bayan kuwa ya rage a kan dutse. Kuma ranar kasuwa ce. Wato mutumin da ko tarinsa ba ya son maƙwabci ya ji, shi ne ya tsaya a gaban mutanen gari da na ƙauye da abin da uwarsa kaɗai ta taɓa gani.

An yi dariya ran nan, an kuma ci gaba da yi har Ya'u ya yi furfura. Amma masu dariyar ba su san abin da ya kai shi kan dutsen ba.

Ya'u mutumin Rawayau ne, can ƙasar Kurfi. Gidansu gidan malamai ne, sai dai shi karatun bai zauna masa ba, hannunsa ya fi kansa kaifi. Ya koyi saƙar zana, ya kuwa iya. In ya yanko gamba ya saƙa, ko allura ka soka sai ta yi gardama kafin ta wuce. Karatun gidan duk ya tattaru a kan yayansa, Malam Hudu, wanda makarantarsa ta cika har ana zuwa daga Wurma da Barkiya ɗaukar karatu. Mutum ne mai tsabta da kamun kai, ko rawaninsa ba a taɓa gani a karkace ba.

Sai wata shekara zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Malam Hudu. Jikin ya tashi, amma kan bai dawo daidai ba. Ya fara manta sunayen ɗalibansa, yakan tsaya tsakiyar aya ya rasa inda za shi. Wata rana da hankalin ya ɗan dawo, ya kira ƙanen nasa, ya riƙe masa hannu, ya ce, "Ya'u, na san abin da ke zuwa. Kada ka bari a gan ni haka."

Ya'u ya ce, "Ba za a gani ba, Yaya."

Iyakar maganar ke nan, kuma ita ce ta zama aikin Ya'u har ƙarshe. Matar Malam ta riga ta rasu, ɗiyansa mata suna gidajen mazansu. Ya'u ya danƙa makarantar a hannun babban ɗalibi, ya ɗora yayansa a kan jaki, shi da matarsa Yahanasu suka yi ƙaura zuwa inda ba a san fuskar Malam ba. Mutanen Rawayau suka ɗauka Malam ya yi gabas neman ƙarin ilimi. In an tambayi Ya'u, sai ya ce, "Allah ya san inda bawansa yake." Ba ƙarya ya yi ba, ba kuma gaskiyar ya bayar ba.

A Dutsin-Ma ya nemi fili a gefen gari, kusa da gindin dutse, inda babu maƙwabci ta baya. Ya duba dutsen da kyau kafin ya kafa dirka. Ya ga daga can sama mutumin da ke tsakar gida bai fi tururuwa ba a ido. Ban da haka, akwai al'ada. Duk namijin da zai hau wuri mai tsawo kusa da gidajen mutane, ko bishiya ce, ko rufin ɗaki, ko kan rumbu, sai ya ɗaga murya tukuna ya ce, "Gafara masu gida, za a hau!" Sai ya ɗan jira mata su kintsa, sannan ya hau. In ya sauko kuma ya ce, "An sauka!" Ko makiyayin da akuyarsa ta maƙale a dutse bai isa ya tsallake wannan ba.

Dangar da Ya'u ya yi wa gidan nan ita ta fara jawo masa magana. Ta kowa iyakarta kan mutum. Tasa kuwa ko Buzu a kan raƙumi sai dai ya ga sama. Bayan ta waje akwai ta ciki, wadda ta raba tsakar gidan biyu. A can ciki Malam Hudu yake. Ciwon ya yi nisa a lokacin. In zafi ya taso ba ya barin tufa a jikinsa, sai ya tuɓe ya zauna a rana yana rera waƙoƙin niƙa na mahaifiyarsu, ko ya tara kajin Yahanasu yana biya musu karatu, yana yi wa zakara faɗa don ba ya maimaitawa. Yahanasu ke ba shi abinci a baki. Ya'u ke yi masa wanka da aski.

Askin nan shi ya haɗa Ya'u da Rabo wanzami. Rabo maƙwabcinsa ne ta gaba, mutum mai fara'a, wanda ya saba shiga kowane zaure da zabirarsa ya fito da labari. Wata rana ya ga Ya'u yana wasa aska a ƙofar gida, alhali kan Ya'u ko kwana uku bai yi da aski ba, kuma shi Rabon ne ya yi masa.

"Malam Ya'u, wagga aska ta wa ce? Ko Yahanasu ta fara gemu?"

"Ta gyaran gamba ce."

"Gamba da aska? To, Allah ya ba da sa'a. In gambar na son ƙaho ma, ina nan."

Daga ran nan Rabo bai sake samun sukuni ba. A majalisar gindin tsamiya, inda dattawa ke zama bayan la'asar, shi ke buɗe zancen gidan Ya'u. Wani ya ce hatsi yake ɓoyewa. Wani ya ce ai bawa ne ya ɓoye tunda Nasara ya hana. Wani ya rantse ya ji ana waƙa cikin gidan da muryar tsoho, don haka lalle aljani Ya'u ke kiwo, shi ke yi masa saƙar nan da allura ba ta shiga. Aka tura Larai dillaliya da tallan zannuwa. Yahanasu ta tarbe ta da murna, ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gidan waje, ta dama mata fura, ta taya kowane zane, ta riƙe ta da hira har rana ta yi sanyi, ta rako ta har zaure. Larai ta fito cikinta cike, kunnenta wayam. Ta ce wa Rabo, "Matar nan ko sunanta ka tambaye ta, sai ta ce bari mai gida ya dawo."

Shi ma Ya'u ba a bar shi a baya ba wajen zargi. In mutum ya gaishe shi ya ƙara da "ina mutan gida", sai ya dube shi ya ga ko akwai wata manufa. In an zo sayen zana, a bakin hanya ake ciniki. Ya taɓa bin wani mai tallan gishiri har kasuwa don kawai mutumin ya tsaya gyara takalmi a jikin dangarsa.

Ana nan sai ga Baturen safiyo, mai awon ƙasa, ya sauka a bayan gari da tantinsa da masu dakonsa da tafintansa, wani dogo mai suna Atiku. Washegari da hantsi aka ga sun hau dutse. Ba wanda ya ce gafara. Suka kafa wani abu mai ƙafa uku, da ido guda na ƙarfe a kansa, Bature ya sunkuya ya manna nasa idon.

Rabo ya yi wa tafinta aski a ranar, don haka kafin la'asar ya iso majalisa da labari a bakinsa.

"Jama'a, abin nan da kuke gani, in ka sa ido, ƙudan da ke kan wutsiyar saniya a Kurfi sai ka gan shi kamar a tafin hannunka. Kuma wai mutane a kife yake nuna su, ƙafa sama kai ƙasa." Ya juya wajen Ya'u, wanda ya tsaya wucewa da damin gamba. "Malam Ya'u, kai da ke gindin dutse, yau dai Nasara ya riga mu shiga gidanka."

Aka yi dariya. Ya'u bai yi ba. Ya ce, "Ya yi gafara kafin ya hau?"

"Wa? Nasara?"

"Shi ba namiji ba ne?"

Ya ajiye damin ya nufi gidan mai unguwa. Mai unguwa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Ya'u, mutanen da suka ci Katsina ba su yi sallama ba, su ne za su yi wa dutse? In kana da abin ɓoyo, ka shigar da shi ɗaki."

Haka kuwa aka yi, don babu wata dabara. Aka shigar da Malam Hudu ɗaki aka sa asabari. Amma bazara ce, ɗaki kamar tanda. Kuma Baturen ba shi da tsayayyen lokaci: yau ya hau da hantsi, gobe da azahar, jibi ya hau ya sauka ya sake hawa. Ba a san lokacin da idon ke buɗe ba, sai aka rufe tsoho yini guda. Malam ya daina cin abinci. Yakan zauna a bakin asabari yana kuka a hankali, yana cewa ɗalibansa na jiransa a waje. Kajin yake nufi.

Yahanasu ta ce, "Mai gida, alkawarin da ka ɗauka na kada a gan shi ne, ba na kashe shi ba."

Ya'u ya fara tunanin rufe tsakar gidan duka da zana, ya duba gambar da ta rage a bazara, ya ga ko rabi ba za ta kai ba. Yana zaune yana duban dutsen sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da mai zana kaɗai za ta faɗo wa. Tsakar gida faɗi gare ta, idon kuwa bai fi bakin tulu ba. Maimakon a rufe gida, ai sai a yi wa idon danga.

Ranar kasuwa da hantsi ya zaɓi zanar da ta fi kowace kauri, ya naɗe, ya haɗa da dirkoki biyu da igiyar rama. Da ya isa gindin dutse ya tsaya, ya juya wajen gari, ya ɗaga murya: "Gafara masu gida, za a hau!" Wannan kiran ne ya sa 'yan kasuwa suka ɗago kai, suka ga mutum na hawan dutse da danga a ka, suka bar cinikinsu suka taru.

A sama ya tarar da Bature, ja wur saboda rana, da Atiku tafinta riƙe da laima. Ya'u ya yi sallama, ya sauke kayansa, ya fara neman tsagar da zai soka dirka ta ɓangaren gari.

Atiku ya ce, "Kai, bawan Allah, mi kake yi?"

"Danga."

"Wa ya sa ka?"

"Wa ya sa ku?"

Bature ya yi magana, Atiku ya mayar masa, sannan ya juyo. "Ya ce shi ba ruwansa da gidajenku. Wancan tudun na wajen Kurfi yake aunawa. Ya ce zo ka sa idonka ka gani da kanka."

Ya'u ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. "In sa ido in ga tsakar gidan wani? Allah ya kiyaye. Kuma ka ce mashi na ga wuyan abin yana juyawa. Yau Kurfi yake kallo, gobe fa?"

Aka mayar. Bature ya yi murmushi, ya sake magana.

"Ya ce mi kake ɓoyewa a gidan naka haka?"

"Ka ce mashi shi mi ke cikin tantinsa?"

Atiku ya rage murya. "Malam, wagga ba zan faɗa ba."

"Faɗi. Ai ba kai ka ce ba."

Ko mene ne Atiku ya faɗa, ya fi abin da Ya'u ya ce tsawo, da alama ya sa masa zuma. Amsa ta dawo: babu komai a tanti sai gado da bahon wanka.

"To don mi ya aje mai gadi a bakinsa? Gadon ne zai gudu? Ka ce mashi ni ban tambayi abin da ke bahonsa ba. Ba sai mutum na da abin kunya yake rufe ƙofa ba. Gidana ne. Wanda na ce shigo, ya shigo. Wanda ban ce ba, ko da ƙafa ya zo ko da ido, bai shigo da izini ba."

Yana faɗin haka yana warware zanar don ya nuna inda za ta tsaya. A daidai nan iskar hadarin farko ta taso daga gabas. Zanar Ya'u kuwa, kamar yadda aka sani, ba ta da ƙofar da iska za ta bi ta wuce. Da ta wani ce, da iskar ta ratsa ta tafi abinta. Atiku ya yi ihu, "Saki! Saki!" Ya'u bai taɓa sakin zanarsa don wani ya ce ya saki ba. Sauran labarin kuwa duk kasuwa ta gani.

Da ya miƙe a ƙasa ya ji iska na taɓa shi inda ba ta saba ba. Ya naɗe zanar a ƙugunsa, ya ratsa taron yana tafe kamar rumbu mai ƙafa. Rabo na biye da shi yana cewa, "Sannu Malam Ya'u! A kawo ƙaho? Wurin ya kumbura?" Ya'u ya shige gida ya ja ƙyaure.

Yahanasu ta gasa masa wurin da ruwan zafi, tana yi tana cije leɓe. Ya ce, "In dariya za ki yi, ki yi ki huta." Ta ce ita ba dariya take ba, hayaƙi ne. Babu wuta a kusa.

Ya kwana yana ganin ya yi asarar wando da mutunci a banza. Amma da hantsin washegari, yana kwance rubda ciki, sai ya ji wata murya daga gindin dutse, muryar Atiku, tana fita da ƙyar kamar ta wanda aka tilasta: "Gafara masu gida, za a hau!"

Ya'u ya ɗago kai. Yahanasu ta saki muciya.

Ashe bayan Bature ya gama dariya, ya tambayi Atiku ihun me mutumin ya yi kafin ya hau. Da aka bayyana masa al'adar, ko tausayi ne ya kama shi, ko kuwa ya ga kira ya fi masa sauƙi a kan mutane su riƙa faɗowa daga wurin aikinsa, oho. Ya dai ba da umarni. Tun daga ran nan har suka tashi, in za su hau Atiku ya yi kira, in sun sauko ya ce, "An sauka!" Matan unguwar duka suka ji daɗin abin, ko da yake ba wadda ta aiko wa Ya'u da godiya.

A gidan Ya'u kuwa, in an ji kiran farko sai Yahanasu ta lallaɓa Malam zuwa inuwar ɗaki, ta ce masa ɗalibai sun tafi cin abinci. In an ji na biyu ta ɗaga asabari. Malam ya koma rana, ya koma cin tuwo, zakara ya koma shan faɗa.

Kada a ɗauka zargin Ya'u ya kwanta. Yakan leƙa ta saman danga bayan an ce an sauka, ya tabbatar ba a bar abin mai ƙafa uku a can shi kaɗai ba. Ya ce wa ya sani ko yana gani ba tare da mai shi ba, ya adana, ya ba da labari daga baya. Aka yi masa dariyar wannan ma.

Malam Hudu ya ƙara damina biyu, ya rasu wata safiya a tsakar gida, rana na dukan bayansa. Ya'u ya yi masa wanka da hannunsa, ya suturta shi, sannan ya fita ya shaida wa liman cewa yayansa ya cika. Nan gari ya ji cewa akwai yaya. Aka aika Rawayau. Ɗalibansa suka zo, waɗansu da furfurarsu, suka cika ƙofar gidan suna ba da labarin malaminsu: yadda yake zama, yadda yake gyara wa mutum harafi ba tare da ya kunyata shi ba, yadda ba a taɓa ganin rawaninsa a karkace ba. Suka ɗauka halwa ya shiga shekarun nan duka. Suka tambayi Ya'u ciwon me ya yi. Ya ce, "Na ajali." Da wannan suka koma gida, kuma da shi suka mutu. Sai bayan duk waɗanda abin ya shafa sun kwanta dama ne maganar ta fito daga bakin jikokin Yahanasu, Allah ya yafe musu, ya yafe wa masu maimaitawa.

Rabo dai bai taɓa sanin ko rabin labarin ba, kuma abin ya tsaya masa a rai har tsufa. Bayan sun zama dattawan gindin tsamiya su biyu, haƙora sun zube, ba ya barin baƙo ya zauna bai ba shi labarin saukowar Ya'u ba. Wata la'asar, bayan ya gama, har da kwaikwayon tafiyar rumbu, ya share hawayen dariya ya ce, "Kai dai Ya'u ka yi abin mamaki. Shekara da shekaru kana saƙa danga kada a ga gidanka, rana ɗaya ka buɗe wa kasuwa guda babban ɗakinka kyauta."

Ya'u na zaune yana murza igiya a cinya. Bai ko ɗago ba.

Ya ce, "Wanda kuka gani nawa ne, Rabo, ina da ikon in nuna. Wanda ba nawa ba, mi ka gani?"